Dubiyar Sejro

Duk Lahadi, in an taso daga coci an ɗan taɓa abinci, mukan haɗu a ɗakin ajiya da ke bayan shagon Fofo Maturen kafinta a unguwar Akpakpa ta Kwatano, mu raba duniya. Mu shida ne masu mulki, Fofo Maturen kuma alƙali. Manyan mutane da furfurarmu da 'ya'yanmu, mun sa taswira a gaba muna tura dawakin katako muna zagin juna. Maƙwabta sun daɗe da yanke hukunci cewa ba mu da aikin yi. Ni kuwa ina da aikin yi, rumfar atamfa gare ni a kasuwar Dantokpa, kuma duk wadda ta taɓa taya kayana ta san Fifame ba ta wasa. Kabad na je a yi mini, na leƙa ɗakin na ji ana sayar da gishiri a farashin da ko mahaukaci ba zai yarda ba, na sa baki. Kafin in ankara an turo mini kujera, an ce to ga Ƙasar Gishiri nan, ki riƙe tunda kin iya. Kabad ɗin ma sai da ya shekara kafin ya fito.

Wanda ya ƙirƙiro wasan shi ne Tonton Agosu, tsohon ma'aikacin awon filaye. Shi ya zana taswirar a kan tsohon ƙyaure, kogi da dutse da daji, tun daga bakin hamada har teku. Shi ya tsara tarihin kuma. Ya ce a ɗauka Allah bai halicci ƙudan tsando ba. Shi ke nan, ba wani sihiri, ba wani dodo. In ba tsando, doki ba ya mutuwa a kurmi, to mahaya za su gangaro har bakin ruwa tun zamanin da ba a taɓa ganin jirgin Bature ba, garuruwan da muka sani ba za su kafu a inda suka kafu ba, waɗansu ne za su tashi a madadinsu. In ya fara ba da labarin yadda daular farko ta tsage gida shida saboda rigimar wata goɗiya, sai ka rantse kakansa yana wurin aka yi.

Dokokin ma nasa ne, kuma ba su da yawa. Kowa yana da hularsa. In hula tana kanka, sarki ne ke magana: ka yi ƙarya, ka yi alkawari ka saɓa, ka ci amana, duk halal ne, kuma ba mai kai fushin gida. In ka cire hula, kai ne da kanka, ƙarya ta haramta. Yaƙi da ɗiyan wuri ake yinsa, a watsa, waɗanda suka faɗi baki sama su ne naka. Kowace ƙasa tana da rauni guda ɗaya na sirri, wanda mai ita ya raɗa wa alƙali a kunne ranar farko, ba a rubuta shi ko'ina. Ka gano raunin abokin gabanka da leƙen asiri a kan tebur, ka sha. Amma abin da ka ji a waje, na waje ne. Wanda ya shigo da shi tebur, a soke tafiyarsa a kore shi. Ta ƙarshe ita ce mai ɗaci. Sarkin da ya mutu ya rataye hularsa a ƙusa ya fita daga ɗakin, domin matattu ba sa sauraren shawarar rayayyu, kuma ba zai dawo ba sai an buɗe sabon zamani. Zamanin da muke ciki kuwa, tun autana bai shiga sakandare ba aka buɗe shi, ga shi har ya gama, ba a ko kama hanyar rufewa ba.

Tonton Agosu ya haura saba'in. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana Faransa, ɗansa yana Libreville, daga wannan sai waya, daga waccan sai hoton jikoki. Ranar Lahadi ce kawai take sa shi ya yi aski ya goge riga. Ƙasarsa ita ce Ƙasar Tsauni, birninsa a kan dutse, ba a taɓa cin sa ba. Kowa ya gwada ya dawo da haƙora a hannu, ni ma na gwada. Barnabe, malamin makarantar da ke riƙe da Ƙasar Fadama, ya taɓa asarar rabin rundunarsa a gindin dutsen nan, ya yi wata guda ba ya gaida Tonton da kyau, duk da doka.

Sai Sejro. Dillalin motoci ne a filin Sekanji, bai fi talatin da 'yan kai ba, kullum da motar da yake zuwa da ita, kullum da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Bakinsa kamar an shafa masa zuma. Ya gaji Ƙasar Sarari, mai dawaki, daga wani da aka yi wa canjin wurin aiki, kuma gaskiya ya iya wasa, wannan ba zan hana shi ba. Amma irin mutanen nan ne da in sun gaishe ka sai ka shafa aljihu.

Da damina Tonton ya zame a matakalar gidansa ya karye a ƙugu. Aka kai shi asibiti, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Fofo Maturen ya rufe Ƙasar Tsauni da hankici, kamar yadda doka ta ce: ƙasar majiyyaci barci take, ba mai taka ta sai ya dawo. Muka haɗa ɗan abin da ya samu aka kai masa, kowa ya je ya duba shi sau ɗaya ko biyu, daga nan sai gaisuwa ta waya. Kwatano ce, kowa da abin da ya dame shi.

Sejro ne kawai bai daina zuwa ba. Kusan kullum yana can. Ya kai romon kifi, ya kai abarba, ya yi faɗa da masu jinya a kan canjin zanin gado, har ya kawo fanka daga gidansa. Aka yi ta sa masa albarka a teburinmu. Barnabe ya ce irin waɗannan yara sun ƙare a duniya. Ni dai na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma na ce wa kaina, Fifame, ki ji tsoron Allah, ba kowa ne ɗan kasuwa irinki ba.

Wata Laraba na rufe rumfa da wuri na tafi asibitin da kunun gero a kwano. An ja labule a gadonsa, na tsaya ina gyara ɗaurin zanina kafin in shiga, sai na ji muryar Sejro ƙasa-ƙasa, mai taushi, irin ta uwa da jariri.

"Ƙara ɗaya, Tonton. Buɗe baki. Yauwa. Ka ga zafin nan da ake yi ko? Ni har tausayin mutanenka nake ji a kan dutsen nan. Rana tana dukansu, ba kogi, ba tafki. Wai me suke sha ne in rani ya yi tsanani?"

Tsohon ya yi wata dariya ta wanda allura ta ɗauke. Harshensa ya yi nauyi. Na ji ya ce, "Ai ruwan ba daga sama yake ba, yaro. Ta baya yake shigowa, ta ƙarƙashin..." sauran ya narke, ban kama ba. Sejro kuwa ya kama, don na ji ƙarar kujera da ya matsa kusa.

Na yaye labulen. Yana riƙe da yankan abarba a tsinke, kunnensa dab da bakin tsohon. Ko gezau bai yi ba.

"A'a, Tanti Fifame! Sannu da zuwa. Tonton, ga Tanti ta kawo maka kunu."

Ɗakin yana warin magani da fitsari. Na ajiye kwanon, na gaida Tonton da bai ma san wa ke gaishe shi ba, na ce wa Sejro ya raka ni waje.

"Me kake tambayarsa?"

"Ni? Hira ce, Tanti. Likita ya ce a riƙa yi masa zancen abin da yake so."

"Hirar uwaka. Mutum yana kwance da ƙarfe a jiki, bai san inda kansa yake ba, kai kana tatsarsa kamar saniya?"

"Haba Tanti, wasan katako ne fa. A kan katako zan riƙa ƙona mai daga Sekanji kullum?" Ya yi murmushi ya gyara agogonsa. "Ke da kike da tausayi, yau zuwanki na nawa?"

Na hau zem na koma gida ina zaginsa a zuci, har mai babur ya tambaye ni ko da shi nake.

Washegari na sami Fofo Maturen a shago yana goge ƙafar tebur. Na zayyana masa komai. Ya hure garin katako daga hannunsa, ya ce shi alƙalin tebur ne, ba alƙalin asibiti ba. Ba laifi sai an yi tafiya. In an yi, mai ƙara ya miƙe ya cire hula kafin a watsa wuri, a tambayi wanda aka cuta, abin da ya faɗa shi ne hukunci.

"Fofo, kai ka san sirrin. Ka san abin da na ji ya yi daidai ko bai yi ba."

"Ni ban san komai ba sai ranar Lahadi," in ji shi, ya ci gaba da gugarsa.

Makonnin da suka biyo baya na zuba ido. Sejro bai taɓa hankicin ba, amma dawakinsa suka fara gangarowa kaɗan-kaɗan, wai kiwo suke nema. Suka bar iyakata, suka bar iyakar Barnabe, suka zagaya ta arewa suka taru a bayan Ƙasar Tsauni, inda ba gari, ba kasuwa, sai wani ɗan ƙauye da Tonton ya ɗiga da jan fenti ya sa masa suna Gidan Makafi. Ba wanda ya taɓa kallon ƙauyen nan. Biri ya yi kama da mutum. Na lura kuma Barnabe da sauran sun daina tsokanar Sejro, sun bar masa hanya, kowa yana ta tara jakunansa kusa da dutsen kamar masu jiran a yanka sa.

Da aka sallami Tonton na je gidansa da jan tuwo da soyayyar kaza. Na same shi a kujera, sandunan guragu a gefe, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na zo da niyyar in faɗa masa komai. Amma tun kafin in zauna ya fara: Sejro ne ya ɗauko shi daga asibiti, Sejro ne ya sa aka kafa masa ƙarfen riƙewa a banɗaki, Sejro ya ce ranar Lahadi shi zai zo ya kai shi da mota.

"Ɗan da na haifa, kuɗi ya turo," in ji shi. "Wannan kuwa da hannunsa ya riƙe mini fo. Kin san abin da ake nufi da namiji ya riƙe wa namiji fo, Fifame?"

"Tonton, ka tuna hirar da kuka riƙa yi a can?"

Ya dube ni, ya kawar da kai ya dubi kazar. "Allurar nan tana sa mutum surutu. Wa zai tuna? Wannan kazar ta gida ce ko ta kanti?"

Na ce ta gida ce. Na zuba masa ya ci, na wanke kwanukan na tafi.

Ranar Lahadi sai ga su a wata farar mota mai sanyi. Sejro ya zagayo ya buɗe masa ƙofa, ya tallafe shi har kujera, ya sa masa matashi a baya. Tonton ya sha aski, ya sa farar rigarsa mai aiki a wuya, hularsa ta gashi mai gashin zabo a gefe tana hannunsa. Aka yi tafi. Matar Fofo Maturen ta kawo soyayyar ayaba da zoɓo mai sanyi. Fofo ya ɗage hankicin ya karkaɗe, ya ce Ƙasar Tsauni ta farka. Tonton ya ɗora hularsa, ya gyara murya ya ce, "Wa ya yi kewar duka?" Kowa ya fashe da dariya. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin damina.

Aka watsa wuri don a ga mai fara tafiya, ta faɗa kan Sejro. Ya juya hana-sallarsa baya, ya miƙe.

"Ni Sarkin Sarari, ina yi wa ɗan'uwana Sarkin Tsauni barka da tashi. Na kawo masa gaisuwa." Ya sa hannu biyu ya tattaro dawakinsa kaf, bai bar ko ɗaya a gida ba, ya tura su kan ɗigon jan fentin nan. "Gidan Makafi. Kuma ina umartar mutanena su toshe bakin kogon da ke bayan ƙauyen da duwatsu."

Ba kogo a taswirar, ba wanda ya taɓa jin zancen kogo. Fofo Maturen ya ce da muryar alƙalanci, idan ƙauyen ya faɗi, ruwan birnin Tsauni ya yanke, birnin ya faɗi a wannan zagayen, sarkin da ke ciki kuma ba shi da hanyar fita. Masu gadin ƙauyen 'yan katako biyu ne. Ko makaho ya watsa wuri zai ci.

Na miƙe, na fizge malafata na buga ta a kan tebur har dawakin Barnabe suka zube.

"Ina da ƙara!"

"Tanti, a hankali mana," in ji Barnabe yana tsince dawakinsa.

"Rufe mini baki, Barnabe, ungulu kawai. Fofo, wannan yaron bai aika ɗan leƙen asiri ko ɗaya Tsauni ba, kowa shaida ne. A gadon asibiti ya samo wannan magana. Da kunnena na ji. Yana ba shi abarba a baki yana tambayarsa me mutanensa suke sha, alhali tsohon nan ko sunansa bai sani ba saboda allura. Tir! Ko ɓarawon da ke yanke jaka a Dantokpa ba ya bin mutum har gadon jinya."

Sejro ya cire hularsa, ya dafa ƙirji. "Ni taswira na karanta. Birni a kan dutse dole ya sha ruwa daga wani wuri. Laifi ne mutum ya yi tunani?"

"Kogon fa? A taswirar ka gan shi, ko a mafarki?"

Sejro ya juya ya dubi alƙali. Fofo Maturen ya share gumi da hankicin da ya ɗage, ya ce doka a fili take, maganar wanda aka cuta ita ce hukunci. Ya juya ga tsohon.

"Tonton Agosu, ka faɗa wa Sejro sirrin ƙasarka a waje?"

Kalma ɗaya ce ta rage. In ya ce e, tafiyar ta soku, Sejro ya kama hanya, shi kuma ya ci gaba da zama a kujerarsa har ranar da Allah ya yi. Na dube shi ina jira. Shi kuwa Sejro yake kallo, irin kallon da uwa ke yi wa ɗanta a gaban 'yan sanda. Sejro yana kallon silin.

"Ban faɗa masa komai ba," in ji Tonton.

Hularsa tana kansa.

"Tonton, hularka," na ce. "Cire ta ka maimaita."

Ya ɗaga hannuwansa biyu, na zaci cirewa zai yi. Sai ya kama gefenta ya ƙara danna ta har ta rufe masa gira.

"Fofo!" na ce. "Kana gani! Da hula ya amsa. Amsar sarki ce, ba ta Agosu ba. Shi ya kafa dokar nan da bakinsa. Ka sa ya cire!"

Fofo Maturen ya dubi Tonton, ya dubi sauran. Barnabe yana wasa da jakinsa na katako. Ɗaya ya ga wayarsa tana bukatar dubawa, ɗayan kuma ya cika baki da ayaba. Duk sun ga hular, ba makaho a cikinsu. Amma sun shekara da shekaru suna haɗiyar yawu a kan dutsen nan, yau ga shi an dafa an sauke.

"An tambaya, an amsa," in ji Fofo. "A watsa wuri."

Sejro ya watsa. Ban ko duba ba, ihun Barnabe ne ya faɗa mini. Fofo ya sa yatsa ya kwantar da ɗan sarkin katakon da ke kan dutsen, wanda shi da kansa ya sassaƙa wa Tonton da ɗan gemu.

Tonton ya yi jawabin mutuwa, don doka ta ba mamaci wannan. Ya ce Sarkin Tsauni ya sha ragowar ruwan tulunsa ya ba dokinsa rabi, ya yafe wa kowa. Bai ja ba. Ya lallaɓa ya miƙe da sandunansa, ya ƙi a taimaka masa, ya ɗingisa har jikin bango. Ƙusar ta yi masa nisa, sai da ya yi miƙa yana cije leɓe kafin hular ta rataya. Ba wanda ya tashi. Kafin ya kai ƙofa Barnabe ya riga ya ce shi dai ma'adinan ƙarfen da ke gabas yake so, tun da shi ya fi kowa asara a wurin.

"Kai, ka bari ya fita mana!" na ce.

"To ai ya mutu, Tanti," in ji Barnabe, kuma har ga Allah bai ga abin da ya faɗa ba.

Aka ce tafiyata ce. Na ce su dafa Ƙasar Gishiri su ci, na bar malafata a inda take na fita.

Na same shi a kan bencin da ke jikin bangon shagon, bakin kwata, ƙarƙashin tagar ɗakin. Ruwan kwatar ya yi kore, sauro ya fara tashi. Ya miƙe ƙafar mai ciwo, kansa ba hula, sanƙonsa yana ƙyalli. Na zauna kusa da shi. Raina yana tafasa, har da shi nake jin haushi.

"Don me, Tonton?"

"Don me me?"

"Ka san abin da ya yi. Tun ranar kazar nan ka sani."

Ya daɗe yana kallon farar motar da ke fake a gaban shagon. "In an kore shi, ba zai ƙara zuwa gidana ba," ya ce. "Ke ba ki san tsawon yini ba, Fifame. Kina da kasuwa."

"To yanzu da ya samu abin da yake nema fa?"

"Ba ki san shi ba. Yaron yana da kirki, wasa ne kawai ya fi ƙarfinsa. Ni ma da ina da shekarunsa..." Bai ƙarasa ba.

Na ce ya tashi in nemo tasi in kai shi gida. Ya ce a'a, wanda ya kawo shi shi zai mayar da shi, haka suka yi. Muka zauna. Daga ciki muna jin su, ana ta ciniki a kan ƙasarsa gari-gari, wannan ya ce kwarin nan nasa ne, wancan ya ce an yi masa alkawari tun watan jiya. Tun watan jiya! Ashe har rabon ma an gama shi tsohon yana kwance. Duk sunan garin da aka ambata, shi ya raɗa shi, kuma ina ganin leɓensa yana motsi yana gyara musu yadda ake faɗa.

Rana ta yi sanyi, masu sayar da gasasshiyar masara suka fara hura wuta a bakin titi. Sai tagar da ke saman kanmu ta buɗe, turaren ya riga muryar fitowa.

"Tanti Fifame, kina nan? Don Allah tunda kina waje, ki tare wa Tonton zem mana. Rabon nan zai ja, kuma daga nan ina da mai saye a Sekanji."

Tagar ta rufe. Ko leƙowa bai yi ya ga wanda ke zaune a ƙarƙashinta ba.

Tonton ya gyara zaman ƙafarsa. "Bai san likita ya hana ni hawa babur ba."

"Ba shi ya ɗauko ka daga asibiti ba? A gabansa aka faɗa."

"To ya manta. Yaran yanzu abubuwa sun yi musu yawa a kai."

Na miƙe zan tafi titi, sai ya kamo bakin zanina.

"Fifame, dokar nan," ya ce, yana magana a hankali kada a ji daga ciki. "Ɗaki ta ce. Mamaci ya fita daga ɗaki. Ba ta ce komai a kan benci ba, ko? In na zo Lahadi na zauna a nan, ba wanda zai ce na karya doka. In sun tashi, wataƙila ya rage mini hanya."

Na zare zanina daga hannunsa a hankali. Na tofar da yawu a kwatar, na tafi neman tasi.